Shela Da Rajista: Yadda Sauyin Adireshin Intanet Ke Isa Ga Masu Nema

Kowane suna a intanet yana da adireshi na lambobi, kuma tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke haɗa suna da lambobinsa. A Najeriya, ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar sunayen da suka ƙare da .ng.

Asalin tsarin na tambaya ne da amsa. Kwamfutar kamfanin sadarwa takan tambayi uwar garken da ke riƙe da sunan, ta ajiye amsar har cikar wa'adin da mai sunan ya yanka. A ce mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri ya mayar da shafinsa wata sabuwar uwar garke, alhali wa'adin daƙiƙa 86,400 ne, wato kwana guda. Abokin cinikinsa na Kano zai iya wuni ana kai shi tsohon adireshi. In kuma aka gajarta wa'adin sosai, sai tambayoyi su yi wa uwar garken yawa.

Tsarin shela da rajista ya juya lamarin: mai buƙata ya yi rajista sau ɗaya, mai riƙe da bayanin kuma ya sanar da shi da zarar an sami sauyi. Matakin farko shi ne NOTIFY, wanda Paul Vixie ya rubuta a 1996. Babbar uwar garke takan aika wa mataimakanta gajeren saƙo, su duba lambar da ke ƙaruwa duk sanda aka yi gyara, in ta fi tasu sai su kwaso sabon bayanin. Sai dai shelar ba ta wuce tsakanin waɗannan uwayen garke ba.

A 2020 hukumar IETF ta fitar da ƙa'idar DNS Push ta Tom Pusateri da Stuart Cheshire. A nan na'ura kan buɗe killatacciyar hanya ta bar ta a buɗe, ta ambaci sunan da take bibiya, duk ƙari ko ragi ya iso mata nan take. Ta fi amfani wajen gano na'urori irin su firinta a ofis ko masana'anta.

Wahalarta ita ce dole uwar garke ta riƙe hanya da sunan kowane mai rajista, abin da ke cin ƙarfinta in sun kai miliyoyi. Shi ya sa har yau wa'adi ne ke tafiyar da galibin intanet. Mai niyyar sauya adireshi ya fara rage wa'adin zuwa kamar daƙiƙa 300, ya jira tsohon ya cika, sannan ya yi ƙaura.