Ka Goge Imel ɗin, Amma Yana Nan Daram

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma na gaji da ganinta. Mutum zai ɗauki hoton katinsa na ATM gaba da baya, ko takardar NIN, ko fasfo, ya tura wa wani ta imel. In ka yi masa magana sai ya ce, "Ai ba komai, da ya gani zan goge." Haka masu neman aiki suke yi, haka ɗalibai lokacin rajistar JAMB, har da ma'aikatan ofis da ya kamata su fi kowa sani. Wani kuma ya rubuta wa abokin aikinsa baƙar magana cikin fushi, da ya huce ya goge, ya ɗauka magana ta mutu. To, ba ta mutu ba.

Imel ba daga wayarka yake tashi ya faɗa wayar wanda ka aika wa ba. Manhajar wayarka tana miƙa shi ga manyan kwamfutocin kamfanin da ka buɗe adireshi a wurinsa, su kuma su miƙa wa na kamfanin mai karɓa, bisa ƙa'idar SMTP da aka tsara tun 1982. Hoton da ka maƙala ma a cikin jikin saƙon yake tafiya, bayan an mayar da shi haruffa da lambobi. Kafin ka ajiye wayar, saƙo ɗaya ya riga ya zama da yawa: akwai kwafi a ma'ajiyar saƙonnin da ka aika, akwai a akwatin mai karɓa, akwai a duk waya ko kwamfutar da ɗayanku ya buɗe imel a kanta, ga kuma kwafin ko-ta-kwana da kamfanonin suke ajiyewa don gudun lalacewar na'ura. Kai kuwa guda ɗaya tak kake da iko da shi.

Ko shi guda ɗayan ba nan take yake tafiya ba. A Gmail, saƙon da ka goge kwandon shara yake komawa, ya yi kwana 30 a can, duk wanda ya ɗauki wayarka zai iya buɗewa ya karanta. Mafi muni ma, da yawa daga cikinmu sharɓe saƙo muke yi da yatsa zuwa gefe, mu ga ya ɓace mu ce mun goge. Alhali a tsarin da manhajar take zuwa da shi, wannan sharɓewa adanawa ce, saƙon ya bar gaban idonka ne kawai ya koma cikin ma'ajiya. Bayan an zubar da kwandon ma, Google da kansa ya ce share bayani daga na'urorinsa yakan ɗauki kusan wata biyu, kuma zai iya kai wata shida a cikin kwafin ko-ta-kwana. Manhajojin kwamfuta irin su Thunderbird kuwa, da suke tara saƙonni cikin fayil guda, alama kawai suke sa wa wanda ka goge don kada a nuna maka shi, yana nan kwance har sai an matse fayil ɗin. In kuma adireshin na wurin aiki ne, mai kula da kwamfutocin ma'aikata zai iya kunna tsarin da ke riƙe kowane saƙo, ka goge ko ba ka goge ba.

Manyan da suka fi mu sanin takan tsiya ma wannan rami ya ci su. A watan Nuwamba na 1986, lokacin da asirin sayar wa Iran makamai a ɓoye ya fara tonuwa a gwamnatin Ronald Reagan, jami'inta Oliver North da ubangidansa John Poindexter sun goge dubban saƙonni daga kwamfutar fadar shugaban Amurka. Masu bincike suka je suka ɗauko su daga kaset-kaset ɗin ajiya, suka zama hujja a kansu. Janar David Petraeus, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, shi dabara ya yi: shi da matar da ta rubuta tarihinsa suka riƙa amfani da adireshi ɗaya, kowa ya rubuta ya bari a wurin ajiye saƙon da ba a aika ba, ɗayan ya shiga ya karanta. Ko wanda ba a aika ba ɗin a kwamfutar kamfani yake zaune. Hukumar bincike ta FBI ta gano, ya yi murabus a 2012. Bayan rushewar kamfanin Enron kuma, hukumar makamashi ta Amurka ta saki saƙonni kusan rabin miliyan na ma'aikata wajen 150 a 2003, har da hirarrakinsu na iyali, kuma har yau ɗalibai na amfani da su wajen bincike. In shugaban 'yan leƙen asiri bai iya ɓoye nasa ba, kai da wa ka dogara? Kada kuma wani ya ce wannan abin Turai ne. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta a matsayin hujja.

Wasu sukan ce ai akwai maɓallin janye saƙo. Na Gmail jinkiri ne kawai, daga daƙiƙa 5 zuwa 30, kafin saƙon ya tashi. Na Outlook kuwa sai tsakanin ma'aikatan wuri ɗaya yake aiki. Da zarar saƙo ya isa, magana ta zama zarar bunu. Mai karɓa zai iya tura wa mutum goma, ko ya ɗauki hotonsa, ba tare da ka sani ba. Ga kuma masu kutse, waɗanda a 2013 suka taɓa asusun Yahoo biliyan 3.

To, me ya kamata mu yi? Da farko, lambar sirrin ATM, da lambobi ukun da ke bayan kati, da kalmar sirri, da lambar da banki ke turo maka ta tes, ba a rubuta su a imel ko da wa za a aika wa. Babu bankin da zai nemi su ta wannan hanya. In dole ce ta sa ka tura takardar shaida, ka tabbatar da adireshin harafi bayan harafi, ka tura iya abin da aka nema, kada ka haɗa da duk takardunka don nuna ƙwazo.

Na biyu, ka zauna yau ka bincika akwatinka. Rubuta BVN ko NIN ko fasfo a wurin nema, ka ga abin da ka tara shekara da shekaru. Ka goge su daga akwatin shiga da ma'ajiyar aikawa, sannan ka shiga kwandon shara ka zubar. Wannan ba zai taɓa kwafin da ke hannun wasu ba, amma ɓarawon da ya samu wayarka ba zai tarar da garaɓasa ba.

Na uku, in mai shagon waya ko mai shagon intanet ne ya buɗe maka adireshin, ka sauya kalmar sirri yanzu, ka duba lambar wayar da aka sa don dawo da asusu, ka tabbatar taka ce. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Abin takaici ne a ce dattijo mai iyali yana yawo da imel ɗin da wani yaro a kasuwa ya san mabuɗinsa, alhali ta wannan imel ɗin ake sauya kalmar sirrin Facebook da sauran manhajojinsa. In ka yi amfani da kwamfutar shago, ka fita daga asusunka kafin ka tashi, ka kuma goge takardun da ka sauke a kanta. In za ka sayar da waya, ka cire asusunka, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kada kuma ka yi harkar gidanka da adireshin ofis.

Ku kuma ma'aikatu da makarantu da masu shaguna da kuke karɓar takardun jama'a, ku ji tsoron Allah. Abin da ke cikin akwatinku amana ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba. An gama ɗaukar aiki tun bara, me takardun mutum dubu suke yi a akwatin da kowane ma'aikaci ya san kalmar sirrinsa?

Ikonka a kan imel yana ƙarewa ne a lokacin da ka danna aikawa. Saboda haka ka yi tunaninka kafin nan, ka kuma sanar da iyaye da ƙannen da ba su san haka ba.