Labarin Ƙuruciyarmu Ya Koya Mana Halin Yara

A kolejin horar da malamai mun haddace koyarwar Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a 1896, ya rasu a 1980. Mun ci jarrabawa, amma sa'ad da muka kawo wannan koyarwa taron ƙungiyar manoma, sai mutane suka shiga gyangyaɗi. Daga nan muka sake dabara. Yanzu kafin mu buɗe littafi, mukan roƙi kowa ya ba da labarin wani abin da ya same shi yana yaro, wanda har yau bai manta ba.

Wata uwa ta ce tana shekara 5 aka raba musu kunu ita da yayarta, ludayi biyu biyu. Nata a faffaɗar ƙwarya, na yayar a dogon kofi. Ta yi ta kuka wai an cuce ta, har aka mare ta, aka kira ta mai haɗama.

To, abin da Piaget ya gwada ke nan. Ya zuba ruwa daidai a kofi biyu iri ɗaya, sa'an nan ya juye ɗaya cikin siririn dogon kofi a gaban yaro. Yawancin yara 'yan ƙasa da shekara 7 sukan ce na dogon ya fi yawa, gama tsawo kaɗai suke dubawa. Daga wajen shekara 7 zuwa 11 ne yaro yakan gane cewa juyewa ba ta ƙara kome. Shi Piaget ma, saninsa game da jarirai ya samo shi ne daga lura da 'ya'yansa 3 a gida.

Wani dattijo kuma ya tuna yadda mahaifinsa ya riƙa kama masa ƙotar fartanya, har ranar da ya sakar masa. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, haka ya koyar: abin da yaro ya yi da taimako yau, gobe shi kaɗai zai yi.

Da muka gama, uwar nan ta yi shiru, kana ta ce makon jiya ita ma ta doki ɗanta a kan rabon gyaɗa.

'Yan'uwa, manomi ba ya zargin dawa don ba ta fid da kai a wata guda ba. A taronku na gaba, bayan lissafin iri da taki, ku ba mutum biyu dama su faɗi labarinsu, sa'an nan ku tambaya: shekarunsa nawa a lokacin, me kuma hankalinsa ya isa ya gane?