Abin Sha Mai Kwance Ƙafafu

Maigida, ga labarin wani abin sha na ƙasa mai nisa. Ka karanta wa iyalinka, gama akwai abin koyi a ciki.

Can cikin Tekun Pasifik, gabas da Ostareliya, akwai tsibiran Fiji da Banuwatu da Tonga da Samowa. Mutanen can suna da abin sha wai shi kava. Da saiwar wani tsiro ake yinsa, dangin masoro. Akan daka saiwar, a dama da ruwan sanyi, a tace da ƙyalle, a sha cikin ƙoƙon kwakwa. Yadda mu ke ba baƙo goro, haka su ke tarbar baƙo da kava. Da shi kuma a ke naɗin sarauta da sulhu.

Kava ba giya ba ne, ba a tsima shi. Wanda ya sha, leɓensa da harshensa su kan yi kanta, jikinsa ya mutu, hankalinsa ya kwanta. Yana zaune a tabarma yana hira sosai, yana tsammani lafiya lau ya ke. Amma in ya sha da yawa, da ya miƙe sai ƙafafu su ƙi, ya dinga tangaɗi.

Me ya kawo haka? Ka sani abu uku ke tsai da mutum: ido, da wasu 'yan hanyoyi masu ruwa can cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi. Duka suna aika labari ga ƙwaƙwalwa wajen ƙeya, ita kuwa ta umarci naman jiki ya gyara tsayuwa. Ƙarfin da ke cikin kava ya kan rage saurin saƙon nan, ya saki naman jiki. Watau kai yana nan garau, ƙafa ta riga ta tafi. A nan haɗarin ya ke, domin mutum ba ya jin komi, sai ya hau babur ko mota.

Wanda ya daɗe yana sha da yawa, fatarsa ta kan bushe ta yi ɓamɓaroki, ya rame. Haɗa shi da giya ya fi muni. A shekarar 2002 Jamus ta hana sayar da magungunan kava don tsoron ciwon hanta, kotu ta soke hanin a 2014.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da jiƙo da tsimi, da maganin mura da na tari masu sa barci. Don haka ka kiyaye waɗannan:

1. Kada ka ce abu saiwa ne kawai, ba ya cutarwa. Tambayi abin da ke ciki tukuna.

2. In ka sha abin da ya kashe maka jiki, kada ka hau babur ko keke, ko itace, ko jinka, kada ka tsaya bakin rijiya.

3. Tashi a hankali. Zauna tukuna, sa'an nan ka miƙe, tun ba tsofaffi ba, gama faɗuwa ta kan karya musu ƙugu.

4. Kada ka haɗa irin waɗannan biyu a ciki ɗaya, kada kuma ka ba yara ko mai ciki.

5. In jiri ko tangaɗi ya zo farat ɗaya, da karkacewar baki ko nauyin harshe, a kai mutum asibiti nan da nan.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.