Saurin jitar Nijar: aikin yana hannun da ke bugun tsirkiya

Matashin da ke koyon jita a Maijirgi, kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram, in ya kalli bidiyon Mdou Moctar a waya, idonsa kan tafi ga yatsun da ke yawo a wuyan jita. Amma saurin nan daga ɗaya hannun yake fitowa.

Mdou, bahago ne, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Ba ya riƙe ɗan robar nan da makaɗan Turai ke bugu da shi. Yatsan manuni ne ke kai da komo, sama da ƙasa, babban yatsa na tsare da tsirkiyar mai kauri. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa kallon hannun mai gurmi, irin marigayi Malam Maman Barka da ya rasu a 2018.

Atisayen ba shi da daɗi, gaskiya. A ɗauki tsirkiya ɗaya tak. A sa manhajar ƙidayar bugu a waya kan 60 a minti, kowane bugu a yi kaɗi huɗu: ƙasa, sama, ƙasa, sama. Abin lura shi ne kaɗin sama, domin shi ke fitowa da rauni. Sai ƙarar biyun ta zo ɗaya kafin a ƙara biyar. Bayan nan a fara tsallakawa zuwa tsirkiyar kusa.

Masu gaggawa sukan sandare wuyan hannu, sautin ya cakuɗe. Da an ji zafi a jijiya, a ajiye jitar sai gobe.