Me Ya Haɗa Gishiri da Niyon?

Ɗalibai sukan tambaya: yaya sodiyam, ƙarfen da ke iya kama wuta cikin ruwa, yake zama lami lafiya a gishirin miya? Amsar tana cikin jerin ilektoron.

Ƙwayar zarrar sodiyam tana da ilektoron 11, a jere 2, 8, 1. Idan ta saki na wajen, sai ta zama ayon mai jerin 2, 8, daidai da na niyon, gas mara cuɗanya. Kulorin kuwa, mai 2, 8, 7, ita ke karɓarsa, ta koma 2, 8, 8, irin na argon. Kossel, masanin Jamus, ya bayyana haka a 1916.

To, amma kama da wane ba wane ba ne. Ayon sodiyam yana nan da furoton 11, niyon kuwa 10. Don haka ayon yana da caji, kuma da cajin nan jijiyoyinmu ke aika saƙo. Sannan ba kowane ayon ke bin ƙa'idar ba: ayon baƙin ƙarfe da ke cikin jininmu ilektoron 24 gare shi, babu gas mara cuɗanya mai wannan adadi.