FILIN MANOMA: TAMFOL MAI YOYO, FACI KO SABO?

A ƙasar Sabon Birni da Isa, wadda Gulbin Rima da Bunsuru ke ratsawa, ƙasar tudu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Saboda haka wanda duk ya haƙa ramin kiwon tarwada, ko na tara ruwan lambu, sai ya shimfiɗe cikinsa da tamfol. To, ranar da ruwa ya soma raguwa, shawara biyu ke gaban manomi, watau ya yi faci ko ya sayi sabo.

Maganar ba ƙarama ba ce. Rami mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, in ruwansa ya sauka santimita 5 a kwana ɗaya, lita 600 ke nan ta salwanta, watau jarka 24 mai cin lita 25. Ruwan nan kuwa da inji aka jawo shi, ga shi fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Har wa yau ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da ɓaci, abin da ke wahalad da kifi.

Da farko sai a tabbata yoyo ne, gama da bazara, cikin Afrilu da Mayu, rana kaɗai tana shan ruwa ƙwarai. Sai a zuba ruwa a bokiti, a ɗora shi bisa bulo a cikin ramin, a sa alama a bakin ruwan bokiti, a sa a na rami. Kashegari war haka a duba. In sun sauka daidai, aikin rana ne. In na rami ya fi sauka, lalle akwai huji.

Neman huji ba wuya. A kwashe kifi zuwa wani mazubi, a bar ruwa ya yi ta sauka. Inda ya tsaya, a nan hujin yake, sai a bi layin ana shafawa da hannu.

Sa'an nan a gwada ƙarfin tamfol ɗin. A kama gefen da rana ta fi duka a ninka shi. In ya lanƙwasa da taushi, huji kuma ɗaya ne ko biyu na ƙaya ko na ɓera, faci ya isa. A yanko ƙyalle irin nasa, mai da'ira, wanda ya zarce hujin da santimita 5 ta kowane gefe. A wanke wurin, ya bushe sarai, a shafa gam irin na tamfol, a danne da abu mai nauyi kwana ɗaya. A ɗauraye kafin a mai da kifi.

Amma in ya tsage wajen ninki, ko yana ɓarewa, ko haɗinsa ya buɗe da tsawo, to, rana ta cinye shi. Facin wannan ɓarnar kuɗi ne, ana toshe nan can na buɗewa. Gara a lallaɓa shi har a sayar da kifin da ke ciki, tun da tarwada takan isa kasuwa cikin wata 4 zuwa 6, a sayi sabo mai kauri da kuɗinta. Araha ba ta ado.

Kafin a shimfiɗa sabon, a cire saiwa da tsakuwa, a toshe ramukan ɓera, a baza yashi mai laushi. Tsohon ma kada a yar, a sa shi ƙarƙashin sabon ya zama kariya. Daga nan a yi wa ramin rumfar zana, gama inuwa ita ce ke ƙara wa tamfol kwana.