Windows ko Linux: Wa Zai Ɗauki Lissafin Injiniya?

Kafin a ƙera fiffiken jirgin sama ko a kafa ginshiƙin gada, injiniyoyin yau a kwamfuta suke fara gwada shi. Manhajar gwaji takan yanyanka siffar abin gutsi-gutsi, wani lokaci har miliyoyi, ta lissafa yadda nauyi ko zafi ko iska za su taɓa kowane gutsure. Lissafi ɗaya kan ci kwana da kwanaki. Daga nan gardamar ta samo asali: wace babbar manhaja za a ɗora wa na'urar, Windows, Linux ko macOS?

A ganina masu gardamar ta wutsiya suka kamo zancen. Ai manhajar gwajin ce mai zaɓe, injiniya bin ta yake yi. SolidWorks, wadda ake zana sassan inji da ita, tun fitowarta a 1995 a kan Windows take zaune. Ansys da Abaqus suna aiki a Windows da Linux duka. OpenFOAM kuwa, da aka saki kyauta a 2004 don lissafin gudanar ruwa da iska, 'yar gidan Linux ce. Mai Windows yawanci sai ya bi ta WSL, ƙofar shiga Linux da Microsoft ya buɗe a 2016. Mai Mac yana da COMSOL, amma zaɓinsa kaɗan ne.

In aiki ya yi nauyi, Linux ke da fage. Tun Nuwamban 2017, duk manyan kwamfutoci 500 na jerin TOP500 da ita suke aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba a biyan kuɗin lasisinta na'ura-na'ura sai an ga dama, tana gudana ba allo ba ado, kuma ana jera mata ayyuka su bi layi cikin dare ba mai gadi. Shi ya sa ma'aikatu da yawa suka raba aiki: zane a Windows, lissafi a Linux.

Sai dai Linux ɗin ma iri-iri ce, kuma nan ake tuntuɓe. Kamfanonin manhaja ba sa tsaya wa kowane iri, sai waɗanda suka gwada, galibi Red Hat da SUSE, wasu da Ubuntu. Ɗakunan bincike da dama sun jingina da CentOS don kyauta ce. A Disamban 2020 aka sanar da datse CentOS 8 a ƙarshen 2021, dole suka kwashe kayansu zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux, suka sake gwada manhajojinsu.